Tarihin Rediyon Fakiti a Hannun 'Yan Sha'awa

Rediyon fakiti hanya ce ta aika rubutu daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta iska, ba tare da layin tarho ba. Ana yanka saƙo gunduwa-gunduwa, a naɗe kowace gunduwa da sunan mai aikawa da na mai karɓa da wata lamba ta tantancewa, sannan a mayar da ita sauti a tura ta na'urar rediyo irin ta oba-oba. Kowace gunduwa ita ake kira fakiti. Idan ta isa lafiya sai tashar da ta karɓa ta amsa, idan kuwa ta lalace a hanya sai a sake turo ta. Wanda ya kasa kunne a kan mitar ba zai ji komai ba sai wani ƙara mai kaushi na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sai shiru, sai kuma wani.

Waɗanda suka raini wannan fasaha har ta yi ƙarfi su ne 'yan sha'awar rediyo, wato mutanen da ke cin jarrabawa su karɓi lasisi domin su kafa tasha a gida. Dokokin ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, sun keɓe musu wasu mitoci bisa sharaɗin cewa koyo da gwaji da hira da juna kaɗai za su yi, ba neman kuɗi ba. Kowane mai lasisi yana da lambar kira da babu mai irinta a duniya, kuma farkonta ke nuna ƙasarsa: 5N na Nijeriya ne, 5U na Nijar, 9G na Gana, VE na Kanada, W da K da N na Amurka. Wannan lamba da wancan sharaɗi su suka sassaƙa rediyon fakiti tun daga tushe, su ne kuma suka yi masa iyaka daga baya.

Asalin dabarar ba daga 'yan sha'awa ta fito ba. A Jami'ar Hawai, wani malami mai suna Norman Abramson da abokan aikinsa sun fuskanci matsalar haɗa rassan jami'ar da ke warwatse a tsibirai da babbar kwamfutar da ke kusa da Honolulu. Hayar layin tarho tsakanin tsibirai tana da tsada. A 1971 suka fara aiki da tsarin da suka kira ALOHA, inda tashoshi da yawa ke tarayya a mita guda. Duk wadda ke da fakiti sai ta sake shi, in ya yi karo da na wata sai kowacce ta ɗan jira ta sake. Lissafi ya nuna cewa kimanin kashi 18 cikin ɗari na lokacin mitar kaɗai ke amfanuwa ta haka, amma sauƙin abin ya rinjayi asararsa. Daga wannan tunani Robert Metcalfe ya ɗauki hasken Ethernet a 1973, kuma hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, ta gudanar da nata gwajin rediyon fakiti a yankin San Francisco cikin shekarun 1970, har da motar da ke yawo a titi tana aika bayanai.

Abin da ya hana 'yan sha'awa shiga da wuri doka ce, ba rashin basira ba. A Amurka, in ban da rubutun Mos, harshen na'ura guda aka yarda su yi amfani da shi, wato Baudot na tsofaffin injinan tangaraho, wanda ba shi da ƙananan baƙaƙe. ASCII, harshen da kwamfutoci ke magana da shi, haramun ne a mitocinsu. Kanada ce ta fara sakin mara. A 1978 ma'aikatar sadarwarta, da ƙwarin gwiwar wani babban jami'inta John deMercado, ta fito da sabon lasisi na musamman domin aikin dijital, ta kuma ba da wuri a zangon megahaz 220. A wannan shekarar Robert Rouleau, mai lamba VE2PY, da abokansa a Montreal suka aika fakitocinsu na farko. A can gaɓar yamma kuma, Doug Lockhart, VE7APU, ya jagoranci wata ƙungiya a Vancouver da ta ƙera allon lantarki mai yin aikin naɗe fakiti da warware shi. Wannan na'ura ita ta shahara da sunan TNC.

A watan Maris na 1980 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta halatta ASCII. Ba a rufa shekara ba, a Disamba, Hank Magnuski, KA6M, ya kafa tashar maimaitawa ta farko a yankin San Francisco, wadda ke karɓar fakiti ta adana shi na ƙiftawar ido ta sake watsa shi a mita ɗaya. Shi ne kuma a 1981 ya nemi a ware wa 'yan sha'awa wani yanki na adiresoshin intanet, aka ba su duk waɗanda suka fara da lamba 44, sama da adireshi miliyan 16. A lokacin babu wanda ya ɗauki kyautar a bakin komai.

Tsarin Vancouver yana da aibi ɗaya babba. Gurbin adireshin da ke cikin fakitinsa ƙarami ne ƙwarai, 'yar lamba kawai yake ɗauka, don haka sai wani ya zauna ya raba wa tashoshin gari lambobi, baƙon da ya zo daga wani gari kuma ba shi da wurin shiga. Ga shi doka tana bukatar kowace tasha ta riƙa bayyana lambar kiranta, a Amurka duk minti goma. A wani taro da ƙungiyar masu taurarin 'yan sha'awa, AMSAT, ta kira a Oktoban 1982, aka amince da wani tsari da ƙungiyar AMRAD ta yankin Washington ta kawo, wanda aka ciro daga ƙa'idar X.25 ta kamfanonin tarho. Aka sa masa suna AX.25. Terry Fox, WB4JFI, shi ya rubuta kundinsa, kuma babbar ƙungiyar 'yan sha'awa ta Amurka, ARRL, ta amince da bugu na biyu a Oktoban 1984.

Hikimar AX.25 ita ce mayar da lambar kira ta zama adireshi. Kowane fakiti yana ɗauke da lambar mai aikawa da ta wanda aka aika wa, kowacce har baƙaƙe shida, tare da wata ƙaramar lamba daga 0 zuwa 15 domin mutum guda ya iya tafiyar da na'urori da yawa. Ana iya jera har tashoshin maimaitawa takwas da ake so fakitin ya yada zango a cikinsu. Jifa ɗaya ya kashe tsuntsu biyu: ba a bukatar ofishin rabon adireshi tunda gwamnatoci sun riga sun raba, kuma babu fakitin da zai tashi sama ba tare da sunan mai shi ba. Da wuya a sami wata ƙa'idar sadarwa da doka ta shige cikin ƙashinta kamar wannan.

Ƙa'ida ba ta aiki sai da na'ura mai araha. Wannan gurbi ƙungiyar TAPR ta cike, wadda wasu injiniyoyi suka kafa a Tucson ta jihar Arizona a 1981, cikinsu har da Den Connors, KD2S, da Lyle Johnson, WA7GXD. Sun fara sayar da TNC-1 a 1983 a warwatse, mai saye ya zauna da dalma ya harhaɗa da kansa. A 1985 suka fito da TNC-2 mai ƙwaƙwalwar Z80, ƙarama kuma mai ƙarancin cin wuta, sannan suka ba kamfanoni izinin kwaikwayonta. MFJ da PacComm da AEA suka shiga ƙerawa, Kantronics ta fito da nata samfurin, farashi ya faɗo. Cikin 'yan shekaru tashoshin fakiti suka haura daga ɗaruruwa zuwa dubun-dubata, suka bazu Turai da Japan da Ostireliya da Afirka ta Kudu.

Tashar wancan zamani abu huɗu ce: kwamfuta ko ma allon rubutu maras ƙwaƙwalwa, TNC, rediyon zangon mita 2, da eriya a kan rufi. Modem ɗin da ke cikin TNC irin Bell 202 ne na kamfanin tarho, mai sauti biyu, haz 1200 da haz 2200. An zaɓe shi ne don tsofaffinsa suna jibge a kasuwar kayan gwanjo, kuma sautinsa yana ratsa makirfon ɗin kowane rediyo ba sai an farke shi ba. Gudunsa bit 1200 a daƙiƙa, wato harafi 150 a lissafin takarda, a aikace kuwa ƙasa da haka nesa ba kusa ba. A gajeren zango, inda ake kaiwa nesa amma hayaniya ta yi yawa, bit 300 ake yi. Zaɓin gaggawa ne da aka yi don a samu a fara, sai ga shi ya zauna daram. A 1988 James Miller, G3RUH, ya ƙera modem mai bit 9600 a Ingila, amma shi sai an shiga cikin rediyo an jona waya, don haka yawancin jama'a suka tsaya a kan 1200.

Saita na'urar kuwa ba wuya. Idan aka kunna, TNC tana rubuta cmd: a allo tana jiran umarni. Abu na farko shi ne MYCALL, inda mutum zai sa lambar kiransa, domin idan babu ita duk abin da ya aika ya saɓa doka. Sai TXDELAY, jinkirin da ake bari tsakanin kunna na'urar watsawa da fara sakin bayanai, wanda a TNC-2 yake zuwa a 30, ma'ana kashi uku cikin goma na daƙiƙa. In ya yi kaɗan sai kan fakitin ya guntule, in ya yi yawa an ɓata wa jama'a lokacin mita. PACLEN ke ƙayyade tsawon fakiti, galibi harafi 128, RETRY kuma yawan sake gwadawa kafin a haƙura, galibi sau goma. Abin da ya fi ba sababbin shiga wahala ba ya cikin waɗannan umarnai ma, shi ne ƙarfin sautin da ke shiga rediyo. Da yawa sukan murɗa shi sama da zaton ƙara ƙarfi ne, alhali murguɗa sautin suke yi. Bayan wannan sai a rubuta CONNECT da lambar wanda ake nema.

Hira kai tsaye tana bukatar mutum biyu su kasance a farke lokaci guda, shi ya sa ba ita ta riƙe jama'a ba. Abin da ya riƙe su shi ne akwatin saƙo. A 1984 Hank Oredson, W0RLI, ya rubuta manhajar da ta mayar da tsohuwar kwamfutar Xerox 820 ta zama gidan waya da allon sanarwa a haɗe. Mutum ya shiga ya ajiye wasiƙa, cikin dare akwatunan su kira juna su miƙa wa na gaba, zango-zango, har ta isa. Jeff Jacobsen, WA7MBL, ya yi irinta domin kwamfutocin IBM, daga baya manhajar Jean-Paul Roubelat, F6FBB, ta Faransa ta mamaye yawancin duniya saboda tana matse saƙo kafin ta tura. Adireshi yakan fara da lambar mutum, sai ta akwatinsa, sai yanki da ƙasa da nahiya. Wasiƙa daga Turai zuwa Amurka takan yi kwana ɗaya ko kwanaki a hanya, kyauta, a zamanin da yawancin mutane ba su taɓa jin sunan imel ba.

Yawan jama'a ya tona asirin raunin tsarin. Kowace tasha tana saurare kafin ta yi magana, amma tashoshi biyu da tsauni ya raba ba sa jin juna, alhali dukkansu suna jin tashar maimaitawa da ke bisa tsaunin. Sai su yi magana tare, fakitocinsu su yi karo a can, kowacce ta sake, karo ya ƙaru. Jera tashoshin maimaitawa da yawa kuma yana ninka matsalar, domin in fakiti ya mutu a zango na biyar sai a koma tun farko. Manhajar NET/ROM ta 1987 ta gyara wannan ta hanyar sa kowane zango ya amsa wa na bayansa, Jamusawa suka fito da TheNet da FlexNet, John Wiseman, G8BPQ, ya yi tasa a Ingila. Ba a taɓa haɗuwa a kan guda ba, kuma gardamar da aka tafka a kan wane tsari ya fi ta cinye ƙarfin da ya kamata a sa wajen ƙara gudu.

Mutumin da aikinsa ya fi tsallake shingen sha'awa shi ne Phil Karn, KA9Q. Daga tsakiyar shekarun 1980 ya rubuta manhajar da ta sa ƙaramar kwamfutar gida ta iya magana da harshen intanet, TCP/IP, ta rediyo. Shi da Mike Chepponis, K3MC, suka tsara KISS, wadda ke sauke wa TNC duk wani tunani ta bar mata aikin modem kawai, kwamfuta ta ɗauki sauran. Jami'o'i da ƙananan kamfanonin intanet na farko a ƙasashe da dama sun ɗauki manhajarsa sun yi aiki da ita a layukan tarho. Dabarar da ya kawo a 1990 domin maganin tashoshin da ba sa jin juna, wato neman izini da ɗan gajeren fakiti kafin a saki babba, tana cikin abubuwan da Wi-Fi ya gada.

Duk wannan ya gudana ne cikin shinge mai kusurwa huɗu. Ba a ciniki ko talla. Ba a ɓoye ma'anar saƙo da kulle na sirri, sai dai umarnin da ake aika wa tauraron ɗan'adam. Ba a ɗaukar saƙon wanda ba shi da lasisi zuwa wata ƙasa sai idan ƙasashen biyu sun yarda, domin gwamnatocin da ke riƙe da kamfanonin tarho ba sa son a zagaye musu kuɗin shiga. Sannan dole a sami mai lasisi da ke ɗauke da alhakin duk abin da tasha ta watsa. Na ƙarshen nan shi ya fi cin karo da rediyon fakiti, domin an rubuta dokokin ne ana hango mutum zaune gaban makirfo, ba akwatin da ke aiki shi kaɗai mai shi yana barci ba. A 1986 FCC ta yarda tashoshin dijital su yi aiki ba mai tsaro a mitocin da suka haura megahaz 50.

Tambayar wa zai amsa laifi ta taso gadan-gadan a farkon 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha. Wata sanarwa ta bi ta akwatunan saƙo a Amurka tana kiran jama'a su buga wata lambar tarho ta biya domin nuna adawa da yaƙin. FCC ta ɗauke ta a matsayin saƙon kasuwanci, ta aika takardun tuhuma ga masu tashoshin da sanarwar ta ratsa, waɗanda na'urorinsu ne suka miƙa ta ba tare da idonsu ya gani ba. Hankalin masu akwatuna ya tashi, domin in haka ne sai kowa ya karanta ɗaruruwan saƙonni kullum kafin ya bari su wuce. A 1994 hukumar ta gyara dokar: alhaki yana kan wanda ya ƙirƙiri saƙo, tashar farko da ta karɓa kuma ko dai ta tabbatar da ko wane ne shi ko ta ɗauki laifin, sauran na tsakiya ba ruwansu sai in sun gane ɓarnar suka ci gaba da miƙawa. Wannan muhawara ce dai kamfanonin intanet suka shiga bayan 'yan shekaru, da kuɗi da lauyoyi masu yawa.

Fakiti ya kuma hau sama. Jami'ar Surrey ta Ingila, ƙarƙashin Martin Sweeting, ta harba tauraron UoSAT-2 a 1984 ɗauke da gwajin ajiye saƙo da sauke shi a wata nahiya, a Janairun 1990 kuma roka ɗaya ta Ariane ta ɗaga ƙananan taurari da dama masu wannan aiki. Ɗan sama jannati Musa Manarov ya yi amfani da fakiti daga tashar sararin samaniya ta Mir a 1991. A nan ne fasahar ta taɓa Afirka ta hanya mafi amfani, ko da yake ba a mitocin 'yan sha'awa ba, tunda doka ba ta yarda a yi aikin ofis a can ba. Ƙungiyar SatelLife, wadda likitan zuciya Bernard Lown ya assasa, ta yi amfani da taurarin Surrey wajen kai wasiƙu da bayanan magani ga likitoci a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya da Yuganda, da tashoshin ƙasa da ba su bambanta da na 'yan sha'awa ba. Kamfanin da ya tsiro daga wancan aiki na jami'ar shi ne ya ƙera tauraron NigeriaSat-1 da aka harba a Satumban 2003.

Daga tsakiyar shekarun 1990 intanet ta layin tarho ta shigo gidaje da gudun da ya ninka 1200 sau goma, sannan sau ashirin da ɗoriya, kuma babu mai hana mutum ciniki ko sirri a cikinta. Akwatunan saƙo suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Sarƙa ce, in zobe ɗaya ya tsinke sai garuruwan bayansa su yanke. Wasu sun ce a sassauta doka a ceci tsarin, amma ko da an sassauta, faɗin mitar da rediyon murya ke bayarwa ba zai iya gasa da waya ba.

Abin da ya rage da rai ya ragu ne ta hanyar daina gasa. Bob Bruninga, WB4APR, na makarantar sojan ruwa ta Amurka, ya ga cewa fakiti guda da aka watsa wa kowa ya fi dacewa da rediyo a kan doguwar hira tsakanin biyu. Tsarinsa na APRS, wanda ya bazu daga 1992, yana aika wurin da mutum yake da yanayin iska da gajeren saƙo, a megahaz 144.390 a Arewacin Amurka da 144.800 a Turai, tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ma tana maimaita shi a 145.825. Bruninga ya rasu a 2022. Tsarin Winlink kuma yana ɗaukar imel ta rediyo domin matuƙan jiragen ruwa da masu aikin agaji, ko da yake hanin ɓoye saƙo yana taƙaita abin da asibiti zai iya turawa. An nemi FCC ta ɗage hanin a lokacin bala'i, ta ƙi a 2013.

Ita kanta TNC ta narke ta zama manhaja. Tun wajen 1990 modem ɗin BayCom na Jamus ya nuna cewa kwamfuta za ta iya yin yawancin aikin, Linux ta shigar da AX.25 cikinta, sannan katin sauti ya maye gurbin modem ɗin gaba ɗaya. Yau manhajar Dire Wolf ta John Langner, WB2OSZ, a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, da waya guda zuwa oba-oba, sun wadatar. Abin da ake cikewa a fayil ɗin saiti bai sauya ba: lambar kira, gudun modem, jinkirin watsawa, da hanyar kunna rediyo. Lasisi ma yana nan wajibi, sai dai jarrabawar Mos ta daina zama sharaɗin duniya tun taron ITU na 2003.

Adiresoshin nan masu farawa da 44 kuwa sun zama dukiya bayan da adiresoshin intanet suka yi ƙaranci. A 2019 gidauniyar ARDC da ke riƙe da su ta sayar wa Amazon kashi ɗaya cikin huɗu, kimanin adireshi miliyan huɗu, a kan dala miliyan 108, kuɗin da take rabawa a matsayin tallafin bincike da karatu. A Nuwamban 2023 FCC ta soke ƙa'idar gudun 300 da ta ɗaure aikin dijital a gajeren zango tun 1980, ta maye gurbinta da iyakar faɗin kilohaz 2.8.